Garmani: Tsiron da Ke Cinye Makiyayar Magariya da Dungas

Garmani tsiro ne mai rassa da yawa, tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙirjin mutum, wani lokaci ma ya zarce. Da damina yake fitowa, a kan jigawa da wuraren da dabbobi suka tattake. A wasu garuruwa ana ce masa hatsin Makka, a wasu farar hankufa, masana tsirrai kuma suna kiransa Sida cordifolia, sunan da Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Dangin kuɓewa ne da rama da yakuwa da auduga, kuma duk wanda ya tsuguna ya dubi ɗan furensa mai ruwan ɗorawa zai ga kamannin. A gundumomin Magariya da Dungas, kamar a sassa da dama na jihohin Damagaram da Maraɗi, ya tashi daga ciyawar gefen hanya ya zama babbar matsalar kiwo. Ya rufe burtalai da hurumai da bakin rijiyoyi, har akwai wuraren da a watan Agusta ido ba ya ganin komai sai shi.

Ganyensa ne ya fi saurin nuna shi. Faffaɗa ne daga gindi, ya tsuke a baki, bakinsa da ƙananan haƙora, kuma sama da ƙasa duk a lulluɓe yake da gashi mai laushi wanda ke sa launinsa ya yi toka-toka. Wannan gashi yana rage ruwan da rana da iska ke zuƙewa daga ganyen, shi ya sa garmani ke jure fashin ruwan da ke ƙona sauran ciyayi. A ƙarƙashin ƙasa yana da saiwa guda mai nutsawa, mai tauri. Idan aka kama shi da hannu aka ja a busasshiyar ƙasa, yawanci karan ne ke tsinkewa saiwar ta zauna, kuma in da sauran laima sai ya sake toho. Ɓawon karan yana da zare mai ƙarfi irin na rama.

Asirin yaɗuwarsa yana cikin 'ya'yansa. Bayan fure ya zube, ɗan ƙwanso yakan fito, ƙarami ƙwarai, wanda idan ya bushe yake rabuwa gida kusan 10. Kowane gida yana ɗauke da ƙwayar iri ɗaya, a kansa kuma da ƙahoni biyu sirara masu ƙananan gashi da suka juya baya. Ƙahonin suna shiga gashin tunkiya ko jelar saniya cikin sauƙi, fita kuwa sai da ƙyar. Wanda ya ratsa fagen garmani da kaka zai iske su jere a ƙafar wandonsa, sai ya zauna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Gindi guda yana zubar da ɗaruruwan iri. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri, ba ta tsira duka a shekara ɗaya: wasu su fito bana, wasu su kwanta cikin ƙasa sai baɗi ko bayan baɗi. Duk wani shiri na yaƙi da garmani da bai yi lissafi da wannan ajiyar da ke cikin ƙasa ba, aikin banza ne.

Masana sun saɓa game da asalinsa. Da yawa suna danganta shi da Indiya, wasu suna ganin tun da daɗewa yake a yankunan zafi na duniya baki ɗaya. A ƙasar Hausa dai ba baƙon jiya ba ne, ya daɗe ana ganinsa nan da can a gefen gari da kan juji. Abin da ya sauya shi ne yawansa, kuma dalilin yana ga yadda ƙasar kanta ta sauya.

Ƙasa ta yi kaɗan

Magariya tana kudu da birnin Damagaram, daf da iyakar Nijeriya, tana fuskantar jihohin Katsina da Jigawa. Dungas a cikinta take a da, sai a 2011 aka ba ta gunduma tata, da ƙananan hukumomin Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Magariya ta riƙe Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa, Sasumburum, Ɗan Ciyawo da birnin Magariya. A ƙidayar 2012, gundumar Magariya ta haura mutum 570,000, Dungas kuma ta haura 350,000. Yankin yana cikin mafi cunkoson karkara a duk Nijar, akwai wuraren da mutum sama da 100 ke zaune a kan murabba'in kilomita ɗaya. Ruwan sama yana kaiwa milimita 500 zuwa 600 a shekara mai kyau, wanda a ma'aunin Nijar alheri ne babba. Shi ya sa tun zamanin Turawa ƙasar ta yi suna wajen gyaɗa, ga gero da dawa da wake da riɗi, ga rake a fadamun Korama.

Yawan jama'a ya cinye daji. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekara biyu ko uku, kusan ta ɓace, alhali a da ita ce rabin makiyayar gari. Gona ta haɗe da gona. Abin da ya rage wa dabbobi da damina shi ne hurumin da aka keɓe, da burtali, da gefen hanya, da bakin tafki, su ma ɗin manoma suna ɗan gutsurarsu kunya bayan kunya. Dabbobin kuwa ba su ragu ba. Kusan kowane gida yana da awaki da tumaki, da yawa suna da shanun huɗa da na amalanke, ga garkunan Fulani da ke haurawa arewa da farkon damina su gangaro da kaka, ga waɗanda ake korawa zuwa manyan kasuwannin kan iyaka irin ta Maigatari, mai ci ranar Alhamis.

Manoman yankin sun nuna cewa sun iya gyaran ƙasa idan ƙasar tasu ce. Tun bayan farin 1984 suka dinga barin 'ya'yan gawo suna girma a gonakinsu, aikin da ake kira sassaben zamani, kuma wani bincike na 2006 ya kiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 1 a Magariya da Matamaye da Mirya. Gona tana da mai ita. Hurumi na kowa ne, kuma a can garmani ya samu wurin zama. A gonar da ake nomewa sau biyu a damina ba ya yin tasiri, hauya tana gamawa da shi tun yana ƙarami.

Yadda yake ƙwace fili

Dabba ce ke share wa garmani hanya, ba da saninta ba. Da ruwan farko ya sauka, ciyayi suna fitowa tare: burburwa, kyasuwa, harkiya, guɗe-guɗe, gadagi, ƙarangiya, da garmani a tsakaninsu. Dabbobin da suka sha wuyar bazara sukan faɗa wa ɗanyar ciyawa tun ba ta kai taƙi ba. Garmani mai gashi da zare ba ya yi musu daɗi, sai su tsallake shi. Idan dabbobin kaɗan ne kuma filin da faɗi, ciyawa mai kyau takan samu ta girma ta zubar da iri, ta kuma danne garmani da yawanta. Idan filin ƙarami ne kuma bakunan da yawa, ana cinye ta tun kafin ta yi kai. A ƙarshen damina, garmani kaɗai ne ya yi fure ya zubar da iri. Baɗi rabonsa ya ƙaru. Bayan 'yan shekaru a haka, irin ciyawa mai kyau ya ƙare a cikin ƙasa, na garmani ya taru.

Daga nan shi ke riƙe da filin. Yana fitowa a cunkushe, ganyensa ya yi rumfa, duk abin da ya tsiro a ƙarƙashinsa ya rasa rana. Takun kofato yana daddaɓe ƙasa, abin da ke wahalar da ciyayi masu gajeren saiwa, shi kuwa saiwarsa ta huda ta wuce. Kashin dabbobi da ke taruwa a mashaya da makwanta yana ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa taswirar garmani kusan ita ce taswirar zirga-zirgar dabbobi: ya fi kauri a bakin rijiya, ya bi burtali kamar an shuka shi, ya bazu a hurumi daga inda garke ke shiga. Garken da ya kwana a cikinsa yau, gobe ya kai irinsa wani gari a jikinsa.

Asarar ba ta tsaya ga ciyawa ba. Makiyayin da ya bi burtali ya iske babu abin da dabba za ta ci, ga gero kore shar a dama da hagu, yana cikin jarrabawa, dabbobinsa ma haka. Ɓarna takan auku, a kai ƙara gaban mai gari ko hakimi, a yi tara, wani lokaci abin ya wuce nan. Da kaka ma matsin yana sa a ƙagu a shiga gonaki tun kafin ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa. Rikicin manoma da makiyaya yana da dalilai da yawa, garmani ba shi ne babba ba, amma yana hura wutar. Mata ma abin ya shafe su, domin awaki da tumakin gida yawanci nasu ne, kuma idan hurumi ya mutu sai an sayi harawa da dusa.

Ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. Kashin yawo da fataka da tumfafiya su ma suna yawaita inda ƙasa ta gaji, a tafkuna kuma kacalla ce ke toshe ruwa. Amma a kan jigawar kiwo babu wanda ya kai garmani.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Tsiro mai amfani a wani wuri ya zama annoba a wani wuri, labari ne da aka sani a duniya. Akwai wani tsiro mai ƙamshi da ake kira Pluchea indica, wanda asalinsa gaɓar tekun Indiya ne da kudu maso gabashin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya. Yana son ƙasa mai gishiri da bakin fadamun teku, tsayinsa yakan kai mita 2, ganyensa idan an murza yana tashin ƙamshi. A Indunusiya ana kiransa beluntas, ana shinge da shi, ana cin ganyensa, a Tailan kuma ana shayi da shi. A can babu mai kuka da shi. A tsibiran Hawai, inda aka fara ganinsa a 1915, ya mamaye makiyayar bakin teku da fadamun da tsuntsayen ruwa ke zama, ya kori ciyawar dabbobi da tsirran asali. Wani ɗan'uwansa daga Amurka, Pluchea carolinensis, ya biyo baya a wajen 1931, har su biyun suka haɗu suka haifar da wani sabon iri. Nasu irin iska ke ɗauka, na garmani dabba, amma wurin da suke kamawa iri ɗaya ne: ƙasar da aka dama, aka raunana abin da ke kanta.

A cikin Nijar ma akwai misali. A 1977 aka dasa itacen Prosopis juliflora, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, a kan hekta kusan 10 a yankin tafkin Cadi domin tsayar da tudun rairayi. Dabbobi suka ci 'ya'yansa suka baza irin a kashinsu. Kafin shekara 30 ya rufe hekta sama da 300,000, ya toshe gonaki da hanyoyin jiragen masunta, ko da yake ya zama itacen girki da gawayi ga dubban gidaje. Garmani kansa yana cikin jerin miyagun ciyayi a arewacin Ostareliya, kuma a can ma a makiyayar da shanu suka yi wa yawa yake yaɗuwa.

Amfaninsa

Garmani ba ya rasa amfani, kuma mutanen karkara sun san haka. Ana tuge shi a yi tsintsiyar share tsakar gida da garke. Ana ɗaye ɓawonsa a tufka igiya. Busasshen karansa yana shiga darni da rufin rumbu, yana kuma hura wuta a inda itace ya yi tsada. Idan ya bushe da rani, awaki da tumaki sukan ci ganyensa da ya zube, musamman a shekarar da babu wani abu. A kan ƙasar da ta riga ta tsiraita, kasancewarsa ya fi babu, domin yana rage wa iska ƙarfin kwashe rairayi.

A Indiya, inda ake kiransa bala, tsohon magani ne a wurin masu maganin gargajiya. A nan akwai abin lura. Tsiron yana ɗauke da ɗan sinadarin efedirin, mai sa zuciya bugawa da sauri da hawan jini. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kayan ƙarin kuzari da na rage ƙiba masu wannan sinadari, kuma hanin ya haɗa da waɗanda aka yi da garmani. Mai hawan jini ko ciwon zuciya da mace mai ciki ba su da dalilin shan jiƙonsa.

Masu bincike na cibiyar INRAN, wadda ke kula da binciken aikin gona a Nijar, sun gwada niƙa busasshen garmani a haɗa shi da kara da dusa da gishiri a matse shi ya zama dunƙulen abincin dabbobi. Dabara ce mai kyau, domin abin da ke da kasuwa ba ya rasa mai yankansa. Sai dai amfanin nan duka bai kai kusa da abin da aka rasa ba. Hektar da ke ba da kyasuwa da gadagi ta fi hektar tsintsiya nesa ba kusa ba. Akwai kuma haɗari idan aka yanke shi bayan ya yi 'ya'ya aka ɗauko zuwa gari: an yi masa jigilar iri kyauta a amalanke.

Yaƙi da shi

Lokaci shi ne farkon sharaɗi. Ana tuge garmani ne daga Yuli zuwa farkon Agusta, ƙasa tana da laima, saiwa tana fitowa gaba ɗaya, tsiron kuma bai yi fure ba. Wanda aka tuge a lokacin ana iya barinsa ya ruɓe a wurin ko a kai shi ramin taki. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya sai a tara a ƙone. Sara da adda a watan Oktoba, wanda ake yawan gani idan kuɗin aiki ya makara, yana gyara wa ido fili ne kawai, irin ya riga ya zuba.

Sharaɗi na biyu, kada a bar filin tsirara. Ƙasar da aka tuge wa garmani aka tafi, garmani ne zai dawo, domin irinsa ne kaɗai a ciki. Dole a farfasa ƙasar da hauya, a inda ta daskare a haƙa rabin wata don tare ruwa, sannan a watsa irin kyasuwa da burburwa da gadagi, a dasa gamba a gefe. Irin ba sai an sayo daga nesa ba, ana iya share shi da kaka daga wuraren da ciyawar ta rage. A Nijar an kuma gwada shuka yakuwa da tafasa a cunkushe a filin garmani, domin suna saurin tashi su yi masa inuwa, kuma dukansu biyu suna shiga tukunya.

Sharaɗi na uku shi ne mafi wuya: a hana dabbobi shiga har ciyawar ta zubar da iri, damina biyu ko uku a jere, ana kuma komawa ana tuge abin da ya sake fitowa. A ƙasar da makiyaya ta riga ta yi kaɗan, ce wa mutane su rufe wani sashe nata ba ƙaramar magana ba ce. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a raba hurumi gida-gida, a rufe ɗaya a bar saura, a sa masu tsaro da gari ya yarda da su, in ciyawa ta nuna a yanka a ɗaure a sayar ko a raba, kuɗin ya biya mai gadi. Burtali kuwa ba ya rufuwa, tunda hanya ce. A nan sai dai tugewa kowace shekara da kare faɗinsa daga masu ci da gona.

Doka ta tanadi masu wannan aiki. Dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma a yau akwai su daga matakin gunduma zuwa ƙaramar hukuma har zuwa ƙauye. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin zirga-zirga, ta kuma hana mayar da filayen kiwo mallakar wani. Su Kofo ne ke shata burtali da hurumi a kafa musu alamu. Shirin ProDAF, wanda ya fara a 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da tallafin asusun FIDA, da hukumar abinci ta duniya PAM, sun biya mutanen ƙauyuka kuɗi ko abinci domin gyaran filayen kiwo, har da tuge garmani. Aikin yana kawo kuɗi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wannan alheri ne. Rauninsa shi ne, shiri yana da ranar ƙarewa, irin da ke cikin ƙasa kuwa yana nan yana jira. Inda aka yi aikin damina ɗaya aka watse ba tare da kwamitin da zai ci gaba ba, filin yakan koma yadda yake.

Maganin feshi yana kashe garmani, amma bai dace da hurumi ba. Yana da tsada, yana kashe gadagi da sauran ciyayi masu faɗin ganye da ake son su dawo, ga dabbobi da yara da rijiyoyi a wurin, kuma ba ya taɓa irin da ke kwance.

Wajen tsara aikin, kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna da manoman gari kaɗai. Makiyayan da ke wucewa sau biyu a shekara su ne suka fi kowa sanin inda garmani ya fara da inda ya kai, kuma idan ba a yi shawara da arɗonsu da rugga ba, ranar da suka iso suka iske an rufe wuri ba za su ga dalilin kiyayewa ba. Haka nan gari ɗaya ba ya iya raba kansa da garmani idan maƙwabtansa a kan burtali ɗaya ba su yi ba, tunda garken da ya fito daga can zai sake kawo irin. Aikin na masu gari ne da hakimai da ƙananan hukumomi da Kofo da shugabannin makiyaya, a jere tun daga Sasumburum har Malawa, kuma watan da ya kamata a fito da hauya shi ne Yuli, kafin fure ya buɗe.